Filin Ƙwallon da Ake Nomewa Duk Damina

Kwanakin baya ina zaune a teburin mai shayi, samarin kulob ɗinmu suna ta musu kan kasuwar 'yan wasa ta Turai. Wannan ya ce an sayi wane, wancan ya ce ƙarya ne, aronsa aka bayar. Kowa da waya a hannu, kowa yana rantsuwa kamar shi ya riƙe wa ɗan wasan jaka zuwa filin jirgi. Ana cikin haka wani ya juyo ya ce, "Ai duk garin nan ba mai hutu irin Baba Sule. Ya zuba toka, ya koma inuwa, a tashi wasa a sallame shi." Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma da na koma gida sai na ga gara in rubuta muku yadda aikin yake, tunda mutumin da zai ƙaryata ni in na yi ƙari ba ya nan yanzu.

Sunana Sule, amma daga ƙasar Karaye har Rogo in ba ka ce Sule Mai Toka ba, ba mai nuna maka gidana. Sana'ata gyaran filin ƙwallo: in share, in baje, in ja layi, in kafa turakun raga. Ina yi wa kulob ɗin ƙauyenmu, ina yi wa makarantu in za su yi wasanninsu na shekara, 'yan siyasa ma in sun sa kofi nemana suke yi. Da damina ina noma kamar kowa. Da rani wannan ne abincina.

Ranar da na fara, ina saurayi, maigidana Ɗanjuma bai ba ni toka ba. Shi lebura ne a firamaren garinmu, shi ke kula da filin makaranta. Wani tsohon bargo ya miƙo mini, ya ɗaura masa igiya, ya ce in ja shi a ƙasa daga wannan raga zuwa waccan. Na ɗauka zolaya ce. Da na kai ƙarshe ya ce in juya bargon in gani. Tsidau da ƙarangiya sun manne masa kamar an yi masa ado. Ya ce, "To zauna ka cire, ka sake ja." Haka na yini. Da yamma ya tuɓe takalminsa, ya ce in tuɓe nawa, muka taka filin tare. Duk inda na ce wash, sai ya ce, "Gobe daga nan za ka fara." A lokacin yawancin yara ba takalmi suke wasa, ƙwallon kuma ɗaya ce tak a garin, in ƙaya ta huda ta an tashi ke nan sai an kai ta Karaye an liƙe. Har yau ba na sallamar fili sai na taka shi da tafin ƙafata. Ku masu but ba ku san wannan ba.

Filin makarantar nan shi ne filinmu na farko, har aka zo aka gina ajujuwa a tsakiyarsa. Ba wanda ya yi ƙorafi a bayyane, tunda maganar karatu ce, amma samari suka rasa wurin zuwa bayan la'asar. Duk kewayen gari gona ɗaya ce shimfiɗaɗɗiya, ba kwari ba tudu, ba itace a tsakiya, ga ta a bakin hanya. Ta Malam Garba ce. Malam Garba ɗan kawuna ne, wato taubashina, kuma a faɗarsa ba abin da ya tsana a duniya kamar ƙwallo. Dattawa suka je, ya ce a'a. Hedimasta ya je, ya ce a'a. Sai aka turo ni, don ni kaɗai ne zan iya shiga zaurensa in haye buzunsa in cinye masa goro bai isa ya yi fushi ba.

"Bawana, me ya kawo ka?" in ji shi.

"Gonarka na zo karɓa."

"Da me? Kai da ko akuya ba ka ajiye ba?"

"Aro za ka ba mu. Da rani me take yi maka, in ban da tara awakin mutane?"

"Awaki suna bar mini taki. Ƙartin nan naka me za su bar mini?"

Muka yi ta yi har aka kira magariba. A ƙarshe ya kafa sharaɗi. Da ruwan farko ya sauka mu tuge turakunmu, gona ta koma gona. Shi zai shuka abin da ya ga dama, ba mai tambayarsa. In amfani ya nuna, 'yan kulob su zo su taya shi cirewa, sannan fili ya dawo hannunmu har wata damina. A kan wannan aka shafa fatiha. Shi ya sa nake murmushi in na ji kuna ba da tarihin manyan filayen Turai, wai an gina wane tun kakan kakan wane. Namu kowace shekara sai an gina shi sabo.

Aikin farko bayan an cire amfani shi ne baje kunyoyin huɗa. Gonar da shanu suka huɗe, in ka buga ƙwallo a kanta haka nan, tsalle za ta riƙa yi kamar kwaɗo, kuma kafin a tashi sai an ɗauki wani da targaɗe. Ana fara sara da fartanya, a bi da manjagara, sannan in aro shanu in ɗaura musu gungume su ja, a tsaye sannan a gicciye. Wannan sai an yi shi ƙasa tana da sauran danshi. In ka yi jinkiri ta bushe, ka haƙura, ranin nan a kan tsani za a yi wasa. Bayan gungume sai bargo. Bayan bargo sai cike ramukan gafiya da ɓeraye, waɗanda suka zo cin ragowar gyaɗa suka ga wuri ya yi musu suka kafa gida.

Ragowar gyaɗar nan ita ta ba filinmu suna. Komai iya cirewa sai wata ta saura a ƙasa, don haka makonnin farko 'yan kallo da roro suke kallo, ido a kan wasa, yatsa a cikin ƙasa. Akwai wani golan Kafin Dafga, dogo, mai kama ƙwallo kamar an shafa masa ƙaro a hannu. Suka zo mana wasa, suka danne mu a gidanmu, 'yan gabanmu suka kasa kai masa ko hari ɗaya. Ya gaji da tsayuwa, ya duƙa yana tono. Wani ɗan bayanmu ya hango shi daga tsakiyar fili, ya ɗaga ƙwallo sama. Ko da gola ya ɗago, da gyaɗa a bakinsa, tana cikin raga. Kocinsu ya ce asiri muka binne. Tun daga ranar ake ce wa wurin Filin Gyaɗa, kuma duk baƙon golan da ya zo sai yara sun taru a bayansa suna cewa, "Gola, ga wata nan kusa da ƙafarka!"

Toka kuwa, wadda kuke cewa zubawa kawai nake yi, iri-iri ce. Tokar kara ba ta da nauyi, iska kaɗan ta kwashe ta, kafin a tafi hutun rabin lokaci an fara musu kan inda layi yake. Tokar mai tsire baƙa ce, ga maiƙo, karnuka ke bin ta. Wadda nake so ita ce ta gidan burodi, ta itace mai ƙarfi, fara tas. Ita ma sai na tankaɗe ta da rariya, don akwai gawayi, wani lokaci har da ƙusa daga katakon da suka ƙona. Sannan in kafa turaku ƙanana, in ja igiya ta miƙe sosai, in bi ta da gwangwanin da na huda wa gindi, a duƙe, da baya da baya. Wanda ya ce da sauƙi ya zo ya zagaye fili ɗaya a duƙe, sannan mu ga yadda zai yi ruku'u da magariba.

Wata shekara wani ɗan takara ya sa kofi a ƙauyen Turawa, aka kira ni wasan ƙarshe. Wakilinsa ya ce maigida zai zo da masu ɗaukar hoto, yana son layi fari kamar na talabijin. Ya sa aka kawo wani garin masara da ƙwari suka ɓata a shago, ya ce mu gwada shi. Ban yi musu ba, don ni ma ina son in ga aikina a hoto. Gaskiya layi ya yi kyau, ban taɓa jan irinsa ba, har muka tsaya ni da shi muna yaba wa juna. Muka tafi sallar azahar. Kafin mu dawo kajin Turawa da zabinta da awakinta sun jeru a kai, sun cinye gefe guda da da'irar tsakiya, wata tunkiya tana tsaye a kan ɗigon fanareti tana lasa. Ga jiniyar maigida ana jiyowa daga nesa. Hoton farko da aka ɗauka a kofin nan, wakilin ne da babbar riga yana bin zabi da gudu, ni kuma ina bayansa da gwangwani.

Turakun raga na itacen turare ne, kuma abokiyar gabarsu gara ce. Kowace shekara in na tuge su sai in shafe gindinsu da baƙin mai daga wurin bakanike, in jingine su a zaurena ba su taɓa ƙasa ba. Raga daga masuntan dam nake karɓo tsohuwar koma, in ninka, in ɗinke inda ta yage. Komai wanki ƙarninta ba ya fita sai ta sha rana, don haka wasannin farko golanmu da kuliyoyi yake tsaron gida. Masu kirana aiki kuma kowa da irin buƙatarsa. Akwai kocin da ya ja ni gefe ya ce in matso masa da ɗigon fanareti kusa da raga, ta gefen gabas kawai. Na ce, "To in an juya bayan hutu fa?" Ya yi lissafi, sannan ya ce in bar shi yadda yake.

Yanzu ga abin da yawancinku ba ku lura da shi ba. Lokacin da kuke bin labarin wa aka saya wa aka sayar, wato daga saukar ruwan farko, ni ma lokacin ne nawa labarin ke tashi. Tambayata ɗaya ce: me Malam Garba zai shuka bana? In gyaɗa ce, alhamdu lillahi, da wuri ake cire ta, ƙasa kuma ta yi laushi. In gero ne, da dama-dama. In dawa ce, sai sanyi ya shiga sosai kafin a girbe, ga tushiya da sai an bi ɗaya bayan ɗaya an haƙe, don tana yanka ƙafa kamar wuƙa. In kuwa rogo ne, an gama. Rogo shekara yake yi a ƙasa da shinge kewaye da shi. Ba fili ke nan sai wata kakar.

Malam Garba ya san haka, kuma da shi yake nishaɗinsa na shekara. Bai taɓa gaya mini gaskiya ba. Zai tafi kasuwar Karaye ya tsaya gaban masu itacen rogo yana tayawa da ƙarfi, sai ya tabbata wani ɗan garinmu ya gan shi. Kafin ya dawo labari ya riga shi isowa. Ni kuma in tafi wurin matarsa, Yaya Abu, in ce gaisuwa na zo, idona yana kan tabarmar da ke tsakar gida. Ita ma an haɗa baki da ita.

"Yaya, na ga ana ɓarar gyaɗa. Ta iri ce?"

"Ta ƙuli ce, Sule. Iri ai rogo na ji ana cewa."

Wata shekara har ɗaurin itacen rogo ya aro ya jingine a ƙofar gida, ya zauna kusa da shi yana jan carbi, yana jira in wuce.

"Sarkin Toka, zo ka sa albarka."

"Allah ya sa gara ta cinye."

"Amin. In ta gama ta wuce kan turakunka."

Sai shuka ta tsiro sannan nake sanin gaskiya, kuma kusan kullum gyaɗa ce. Wasa kuwa bai taɓa zama ya kalla ba. Sai dai duk ranar da ake buga babban wasa, akuyarsa takan ɓace a daidai gefen fili, ya zo nema, ya daɗe bai gan ta ba.

Sau ɗaya ya dasa rogon da gaske. Shekarar da ta gabace ta ruwa ya ɗauke da wuri, gyaɗa ba ta yi ƙwaya ba, rumbuna suka yi ƙasa tun kafin bazara. Da damina ta zo ya yi tayin itacen rogo a kasuwa kamar yadda ya saba, na yi dariya kamar yadda na saba. Sai na wayi gari na ga ana kafa shinge. Na same shi a gonar. Bai ce bawana ba, bai ce Sarkin Toka ba. Ya ce, "Sule, bana sai haƙuri. Bakuna sun yi yawa a gidan." Na ce Allah ya ba da sa'a, na karɓi adda na taya shi saran ƙaya.

Ranin nan ba a buga ƙwallo a garinmu ba. 'Yan wasanmu suka watse, wasu Turawa, wasu Kafin Dafga, waɗanda suka fi kyau kuma kulob ɗin Gwangwan ya kwashe, ba su dawo ba. Ɗaya ma can ya yi aure. Ni na riƙa ɗora igiya da gwangwani a keke ina bin ƙauyuka, ina ja wa wasu layi, ina kallon yaranmu a cikin rigunan wasu. Da fili ya dawo sai da muka sake haɗa kulob daga yara ƙanana, muka yi shekaru kowa ya zo ya lallasa mu ya tafi. Wanda ya ga wannan ba ya raina maganar rogo, ko da yake da ita muke wasa.

Malam Garba ya rasu bana da bazara, bayan gajeriyar jinya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni aka ba karan awo na kai wa masu haƙa kabari.

Magada suka yarda ba za a raba gonakin ba tukuna, babban ɗansa Nasiru ya riƙe gandu. Nasiru ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, mutum mai ladabi, in ya gan ni har ƙasa yake durƙusawa. Yanzu mahaifiyarsa da ƙannensa da nasa iyalin duk suna wuyansa. Ruwan farko ya sauka, muka tuge turaku. Ba a daɗe ba aka ce an ga Nasiru a kasuwar Karaye wurin masu itacen rogo. Mai shayi ya ce, "Ɗan ya gaji uban." Ni na san ba wasa ba ne, don wanda ya kawo labarin ya ce a hankali yake ciniki, ba ya waige-waige. Kashegari a-kori-kura ta sauke itacen rogo a ƙofar gidansu.

A makon ne kuma 'yan Gwangwan suka zo neman Idi, lamba taranmu, wanda yawancin ƙwallayen da muka ci bara ƙafarsa ce. Suka yi masa alkawarin sabon but, da buhun takin zamani, da babur da zai riƙa ɗauko shi duk ranar wasa. Wasu daga cikin yaran suka ce in Idi ya tafi su ma sun tafi. Idi ya same ni ina shafa wa turaku baƙin mai, ya tsuguna.

"Kawu, ni ba son tafiya nake yi ba. Amma in ba fili, me zan zauna yi? Ka je ka yi wa Yaya Nasiru magana mana."

"Ba zan iya ba."

"Kai da ka karɓo gonar a hannun ubansa?"

Na yi masa bayani. Ubansa taubashina ne. In na roƙe shi yana da damar ya zage ni ya hana, mu yi dariya, gobe in dawo. Nasiru kuwa ɗa ne a wurina. In na buɗe baki zai sunkuyar da kai ya ce, to Baba, ko da yaransa za su kwana da yunwa. Wannan ƙwace ne, kuma ba zan yi shi a gidan Malam Garba ba. Maganar nan tana son wanda Nasiru zai iya duban idonsa ya ce masa a'a.

Na dubi Idi. Na ce, "Mahaifiyarka mece ce a wurin marigayi?"

"Ƙanwarsa."

"To kai mene ne a wurin Nasiru?"

Ya ɗago kai. Tun yana ƙarami yake ce masa Yaya, saboda tazarar shekaru da aikin ofis, har ya manta taubashinsa ne.

Ranar Asabar da hantsi na je gaishe da Yaya Abu, wadda ke cikin takaba. Ina zaure, tana daga ciki muna gaisawa, sai ga Idi da amalanke. Nasiru yana zaune a ƙofar gida. Idi ya yi sallama, ya tambayi kwana, ya tambayi iyali, ya tambayi haƙuri, bai rage komai ba. Da ya gama sai ya naɗe hannun riga ya fara loda itacen rogo a amalanke.

"Kai, Idi, lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Shara na zo yi wa ubangijina. Na ga an jibge maka itace a ƙofar gida."

Nasiru ya dubi Idi, ya dubi amalanken. Ina kallonsa lokacin da abin ya faɗo masa.

"Au, yau ka tuna kai bawana ne? Ajiye mini kayana, ɗan ƙwallo marar aikin yi."

"Ai aikin nake yi. Inna ta ce itacen girkinta ya ƙare."

"Ɗanye ne, sakarai. Hayaƙi zai kore ku daga gidan."

"To ka ji. Abin da ko wuta ba ya yi, shi za ka dasa mana a raga?"

Mutane suka fara taruwa. Nasiru ya miƙe ya kama bakin ɗauri ɗaya, Idi ya kama ɗaya bakin, suna ja, har hular ma'aikacin sakatariya ta faɗi ƙasa. Daga cikin gida na ji Yaya Abu ta yi dariya, gajeriya, ta katse ta. Tun rasuwar ban ji an yi dariya a gidan ba.

Sannan Nasiru ya saki, ya zauna a bakin amalanken, ya faɗi abin da ba zai taɓa faɗa mini ba.

"Kai wasa kake yi. Ka san mutanen da nake ciyarwa yanzu? Gyaɗa kaɗai ba za ta kai mu ba. A'a nake ce maka, Idi. Ka tafi Gwangwan ɗin su ba ka takinsu."

"Rogon dole a nan za a sa shi? Ina gonar marigayi Kawu ta bakin rafi, ta hanyar Kafin Dafga?"

"Wadda ta zama daji? Rabon da a nome ta tun ƙafar Baba ta fara ciwo. Sabara da kalgo sun fi ka tsawo. Wa zai sassabe ta, ga damina ta kankama? Ni ba ni da halin 'yan ƙwadago."

"Ƙartin kulob fa?"

Nasiru ya dube shi sama da ƙasa, ya ɗauki hularsa ya kaɗe.

"Ku? Masu faɗuwa suna birgima in an taɓa musu riga?"

"Mu ɗin."

"Sassabe, da huɗa, da dashe, da shinge. In kuka bar ko kututture ɗaya, wallahi a tsakiyar da'irarku zan dasa rogon, in sa maka kujera ka yi gadi."

"In mun gama fa?"

"In kun gama, ma gani."

Wannan "ma gani" ɗin, da muryar gidansu ta fito.

Wasunku suna cikin waɗanda suka yi aikin, hannuwanku shaida ne. Golanmu ya sari gidan rina, ya yi gudun da bai taɓa yi a wasa ba. Koci ya zo da usur yana ba da umarni daga inuwa, har Nasiru ya taso daga ofis ya miƙa masa gatari. Ni na ja igiyar kunyoyi, wato igiyata da hannuna ta ja wa rogo layi. Ana cikin kafa shinge 'yan Gwangwan suka iso a kan babur, da but ɗin a kwali, suka tarar da Idi ba riga, tafin hannunsa duk bororo.

Nasiru ya tare su. "Sannunku da zuwa. Wannan bawana ne, ba na sayarwa ba ne, ba na aro ba. Ku dawo in ya gama shinge, watakila in ba ku shi kyauta."

Suka yi dariya, suka buɗe kwalin dai. Idi ya tsaya ya daɗe yana kallon but ɗin nan. Ko taɓa su bai yi ba. Ya ce, "Sun yi mini kaɗan," ya koma bakin shinge. Mahaifiyarsa ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarsa da kyau saboda buhun takin.

Da aka gama, Nasiru ya zagaye gonar ya duba, ya sami kututture ɗaya ƙarami a bayan shinge, ya sa Idi ya haƙe shi shi kaɗai a gaban jama'a. Bai ce komai game da filin ba. Aka yi ruwa mai kyau a makon. Da safe ina alwalar walaha sai na ji sallama. Nasiru ne, da kayan ofis. Ya durƙusa har ƙasa, muka gaisa, ya ce, "Baba, na zo in sanar da kai ne. Jiya mun yi shuka a filin. Gyaɗa ce."

Na ce, "Allah ya yi albarka. Allah ya rufa asiri."

Ya ce amin. Na ɗan jira ko akwai sauran magana. Babu. Ya miƙe, ya hau babur ɗinsa ya tafi aiki.

Ban saba a gaya mini ba. Na sa takalmi na bi hanya har gonar, na shiga wajen inda da'irar tsakiya take zama, na tsuguna na tona rami ɗaya da yatsa. Gyaɗa ce, har ta fara kumbura. Na waiga ko akwai mai kallona. Ba kowa a hanyar. Na mayar da ita, na rufe.